Gaisuwar da na kai Maraɗi a makare

Malam Edita,

Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Shekara talatin da biyar na yi ina karɓar haihuwa a asibitocin jihar Bauchi kafin na ajiye aiki, rubutu a jarida kuwa ba sana'ata ba ce. Jikata ke buga mini wannan a waya ina faɗa mata, don haka in magana ta yi tsawo a yi wa tsohuwa haƙuri.

Ranar Lahadin da na fara shiga sujada bayan dawowata, mu biyu ne a ikilisiyarmu ta Yalwa muka dawo daga ƙasar waje. Ɗayan wani dattijo ne da ya je ziyara Isra'ila. Aka kira shi gaba, aka yi masa tafi, ya ba da labarin kogin Urdun da tekun Galili, ya raba wa dattawa 'yan kwalaben man zaitun. Allah ya sani ban yi ƙyashi ba, na ma ji daɗin labarin. Ni kuwa sai a bakin ƙofa wata ƙawata ta Zumuntar Mata ta tare ni ta ce, "Mama, wai Nijar kika je? To can akwai masu bi ne?" Ba da raini ta tambaya ba, da gaske ba ta sani ba. Tambayar nan ce ta hana ni barci har na ce a ɗauko waya.

Yayata ce a Maraɗi. Mu Jarawa ne daga Dass, mu shida mahaifiyarmu ta haifa, yau saura mu biyu. Lokacin farin 1973 da 1974, da mutanen arewa suka yi ta gangarowa neman abinci, wani saurayi tela ɗan Tsibiri, wani gari kusa da Maraɗi, ya iso Bauchi da keken ɗinkinsa a kafaɗa. Ranar da ya shigo majami'armu da tsagar Gobirawa a kumatu, dattawa suka ɗauka ɓatan kai ya yi, har wani ya tashi zai nuna masa hanyar masallaci. Sai da aka ɗaga waƙa aka ji ya fi kowa iya ta, ba ko littafi a hannunsa. Shi ne ya auri Yaya a 1976. A farkon 1983, da gwamnatin Shagari ta ce baƙin da ba su da takarda su fice, ya kwashe ta da yara uku suka koma gida.

Daga nan iyaka ta shiga tsakaninmu, kuma har yau ba ta fita ba. A 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta rufe ta, ga fari ya sake faɗowa. Mutanen can har suna suka sa wa yunwar wannan shekara, suna ce mata El-Buhari, don ƙofar da suka saba shigowa sayen hatsi an datse ta. A watan Agusta na 2019 aka sake rufewa sai Disambar 2020, ga korona a tsakiya. Sai kuma juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka, aka yanke musu wutar lantarki. Cikin wannan rufewar ce, a watan Satumba, mijin Yaya ya rasu. Samari masu babur suna bi ta daji su tsallaka, amma ba mace mai ciwon gwiwa irina ba. A waya na yi wa yayata ta'aziyyar mijin da ta zauna da shi shekara arba'in da bakwai, layin yana yankewa, ina cewa "Yaya, kina ji na?" ita ma tana cewa "kina ji na?" Abin da muka iya faɗa wa juna ke nan.

An buɗe iyaka a Maris na 2024, sai 'ya'yana suka ce ba inda zan je saboda 'yan bindigar hanyar Jibiya. Na bi tasu har na gaji. A Disambar da ta wuce na tara su na ce, zumunci a ƙafa yake, in na tsaya jiran hanya ta yi lafiya to wata ta'aziyyar ma a waya za a yi ta, ko tawa ko tata. Babban ɗana ya yi shiru, washegari ya kawo mini kuɗin mota.

Hanya ba ta da wani labari. Daga Bauchi ta Ningi zuwa Kano, na kwana Katsina wajen wata tsohuwar abokiyar aikina, da hantsi muka kama hanyar Jibiya, don direbobi ba su yarda da sammako ko yamma a wannan hanya. Muka wuce Magama, muka shiga Ɗan Isa. Shingayen masu kaki na ƙirga har na bari. Fasfo da katin allurar shawara aka tambaye ni, kuma ina da su. Inda na ji jiki shi ne wajen 'yan canji. Jika ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, wadda na taɓa saya ƙasa da naira ɗari huɗu, na tarar ta haura naira dubu biyu. Kuɗin da na ƙulle a bakin zani ina ganin na isa, da aka canza sai ga 'yan takardu ba su cika tafin hannu ba. A gefen hanya na ga aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, na ce Allah ya sa in ga ranar da zan hau.

Abu ɗaya ya ɗauke mini ido bayan mun tsallaka, kuma zan faɗe shi ko da ba shi ne maganar ba. Ina zaton hamada zan tarar, sai ga gonaki cike da itatuwa, gawo da kalgo da aduwa a tsaye a tsakiyar karan gero. Ɗan Yaya da ya zo tarbata ya ce sassabin zamani suke ce masa. Maimakon manomi ya sare duk tohon da ya fito daga kututture ya ƙone, sai ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya sassabe sauran, ya bar su su girma. Ya ce wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi a farkon shekarun 1980, shi ya dage a kan abin har manoma suka karɓa. Na tuna buhunan gawayin da na baro jere a bakin titi daga Bauchi har Ningi, na ja bakina na yi shiru.

Yaya ta tsufa, ta rame, kuma bakinta ya juye gaba ɗaya. "Kin zo lahiya? Ku kawo mata hura." Biyar ta koma biyat, makaranta ta koma lakwal, malamin makaranta mushe. Jikokinta suna ta dariyar Hausata, wai ina magana kamar rediyo. Na ɗauka Jaranci ya ɓace mata sam. Da yamma da aka raka mu kabarin mijinta, ta durƙusa ta fara kuka, sai na ji da harshen mahaifiyarmu take yi, kalma bayan kalma, irin kukan da matan Dass ke yi wa mamaci. Shekara biyu tana riƙe da shi, ba ta da wanda zai gane.

Gidan da take zaune gidan gado ne, sashe uku. Sashen gaba na ƙanen marigayi ne, 'yan uba suke, kowa Alhaji yake ce masa. Mahaifinsu ya karɓi bishara a Tsibiri tun zamanin Turawan mishan, wasu 'ya'yan suka bi shi, wasu suka tsaya a Musulunci tare da uwayensu, aka ci gaba da cin tuwo a akushi ɗaya. Alhaji da 'ya'yansa ne suka haƙa kabarin wansa. Da aka shiga da gawa majami'a ya zauna a waje ƙarƙashin bishiya har aka gama, sannan ya yi kwana uku a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, ta Musulmi da ta Kirista. Duk kaka yana aiko wa Yaya da damman geronta daga gonar gado, ba ta taɓa tambaya ba. Da na durƙusa na gaishe shi ina ba da haƙurin makarata, sai ya ce, "Haba Malama, ai ba ke kika rufe hanya ba. Tashi, ƙafarki ta biya." Ranar Kirsimeti shi ya yanka ragon da yaran Yaya suka saya, don kowa a gidan ya ci ba tare da shakka ba. Wannan kam mun san shi a Bauchi, ko in ce mun taɓa saninsa, don a unguwanni da yawa tun da aka rarrabu kowa ya koma cikin nasa, ba maƙwabcin da za a kira ya yanka.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna na je. Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari na mutanen ƙasar ba, kuma ƙanƙanta tana da nauyinta. Na zauna da wata yarinya da dangin mijinta suka karɓe mata 'ya'ya biyu saboda ta shiga bi. Na ji iyaye mata suna kukan 'yan matansu sun yi karatu sun girma, samarin ikilisiya kuwa ba su da yawa. Kuma ba wanda ya manta 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da fushin zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta yi wa Annabi ya sauka a kan majami'un Damagaram da Yamai, aka ƙone da dama, mutum goma suka mutu. Mutanen da ba su taɓa ganin jaridar ba, kuma da an tambaye su da sun ce zanen rashin mutunci ne, su aka bi. Ɗiyar Yaya ta biyu tana aure a Damagaram a lokacin. Maƙwabciyarta Musulma ce ta jefa mata hijabi ta kan katanga, ta shigar da ita da yaranta ɗakin surukarta, suka kwana biyu a can. Ni da na ga rikicin Bauchi a 1991 da 2011, ba sai an yi mini dogon bayani ba, na san ƙaurin wannan hayaƙi, na kuma san irin wannan maƙwabciya.

Ranar Lahadi ta farko a cikin gari muka yi sujada, a majami'ar EERN, wato ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM a Nijar kamar yadda ECWA ta fito daga gare shi a nan a 1954. Uwa ɗaya ce ta haife su. Mishan ɗin ya shiga Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri da Maraɗi. Maza gefe, mata gefe, matan zumunta da ankonsu da tulunansu da caki, sak irin namu. Mai jagora ya kira lambar waƙa, kafin a buɗe littafi na riga na kama, muryata ta shige cikin tasu ba wanda ya waiwayo. Littafi Mai Tsarki da fasto ya karanta shi ne na cikin jakata. Tun 1932 da aka fara buga shi cikakke da Hausa, harshen nan ne ya haɗa Bajari da Basayi da Batangale da Bagobiri a benci ɗaya, kuma bai san Magama ba balle Ɗan Isa. Sai wajen sanarwa ne suka sa Faransanci na rasa gane komai, wajen baiko kuma na rikice da lissafin dala, har jikar Yaya ta raɗa mini cewa dala ashirin ita ce sefa ɗari.

Amma abin da ya sa na ce sai na rubuto maka a wani ƙauye ya faru, Lahadi ta biyu, bayan Tsibiri, inda muka bar kwalta muka shiga yashi a kan babur. Majami'ar ɗaki ɗaya ce ta ƙasa da rufin kwano, bencin ma na ƙasa ne. Na ƙirga mu talatin da ɗaya har da goyo. Mai bisharar manomi ne kamar kowa, kaushin hannunsa ya ishe ka shaida. Littafin waƙoƙi uku ne a duk ikilisiyar, an ɗinke bayansu da zaren buhu. Baiko kuwa wasu da tiyar gero suka zo, wata tsohuwa da ƙwai biyu.

Da aka ce baƙuwa ta tashi ta faɗi daga inda ta fito, na ce Bauchi. Sai wani tsoho makaho a gaba ya ɗaga sandarsa ya ce a dakata. Ya ce, "Ɗiyata, Bauchi ta Yakubu? Yaya mutanen Tafawa Balewa, an samu zaman lahiya?" Na ce da sauƙi, Baba. Ya tambayi Jos. Ya tambayi kudancin Kaduna. Ya tambayi 'yan matan Chibok da aka kwashe a 2014, ko sauran sun dawo. Ya ce rediyonsa ba ya rabuwa da kunnensa, kuma duk Laraba da yamma in sun taru addu'a sai sun ambaci garuruwan nan da sunansu, ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru. Mai bishara ya ɗauko wani tsohon littafin rubutu na 'yan lakwal ya nuna mini. Ga su nan an jera da biro, har da Bauchi, har da Gombe da Mubi, wasu an rubuta kwanan wata a gefe.

Malam Edita, na so ƙasa ta tsage in shige. Shekarata sama da arba'in a Zumuntar Mata, na riƙe ma'aji, na riƙe shugabanci, na jagoranci addu'a ba adadi. Mun yi wa Isra'ila addu'a, mun yi wa Amurka addu'a lokacin zaɓensu, mun yi wa 'ya'yanmu da ke Ingila addu'ar takardar zama. Ban tuna rana ɗaya da na tsaya a gaban mata na ce mu tuna da masu bi na Maraɗi ko Tawa ko Damagaram ba, ni da yayata ciki ɗaya ke cikinsu. Suna ɗauke da sunayenmu a littafi, mu ko sanin suna nan ba mu yi ba. Da tsohon ya ce, "Ku ma muna sane kuna tuna mu," ban iya amsa masa ba. Na ce amin kawai, kuma amin ɗin nan har yau tana ci mini rai, don kusan ƙarya ce.

Kafin na dawo na roƙi a kai ni Danja, kudu da Maraɗi a kan hanyar da na shigo, don ma'aikaciyar jinya ko ta yi ritaya ba ta wuce asibiti ba ta leƙa ba. Asibitin kutare ne na mishan tun kafin Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, a 2012 kuma aka buɗe sashen gyaran mata masu yoyon fitsari. Irin aikin da ake yi a cibiyar Ningi ne, kuma matan irin waɗanda na sani ne: yarinya ƙarama, naƙudar kwana biyu ko uku a gida, kan ɗa ya danne mafitsara har naman ya mutu, ɗan ya tafi, miji ma ya tafi. Kusan dukansu Musulmi ne, ba wanda ya tambaye su addini a bakin ƙofa, kuma a cikinsu na ji bakin mutanen ƙasarmu. Galmi ban samu zuwa ba, inda babban asibitin mishan yake tun 1950, amma autan Yaya da ke aikin jinya a can ya zo Kirsimeti da rabin buhun albasar garin, jar nan da ake kai wa har bakin teku. Da ita nake miya har yanzu.

Ba na cewa kowa ya fasa zuwa Urushalima, wanda Allah ya ba iko ya je. Amma kuɗin kujera ɗaya ta wannan ziyara zai cika mota da mata ya kai su Maraɗi ya dawo da su, da canji. Muna da taron mata na shekara-shekara da muke tara dubbai, muna gayyato masu wa'azi daga Legas a sa musu tafinta, alhali ga mata can da za su tsaya su yi mana magana da Hausar da ta fi tamu tsabta, su gaya mana yadda ake riƙe bangaskiya a garin da ku talatin ne kacal. Ina roƙon shugabannin ikilisiyoyinmu na Bauchi da Gombe su duba wannan. Ba kuɗi nake cewa a kai musu ba tukuna, don mun iya wannan, mu aika da ambulan mu ɗauki hoto. A je a zauna a bencin ƙasar nan a sha hura, a san sunan garuruwansu.

'Yan'uwana Musulmi masu karanta wannan jarida kuwa sun fi mu sanin hanyar, don malamai da almajirai da 'yan kasuwa ba su taɓa daina zirga-zirga tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi ba. Su ma dai na san akwai mai irin labarina, wanda aka binne uwarsa ko wansa yana wannan gefen shinge yana kallo. Masu mulki a Abuja da Yamai in sun yi faɗa, su tuna ba su kaɗai ke da iyakar ba. Kai kuma Malam Edita, in wakilinka ya sake zuwa Nijar, bayan ya gama da sojoji da farashin sefa, ya ɗan tsaya wata Lahadi ya leƙa irin wannan ɗaki.

Na yi wa Yaya maganar ta dawo Bauchi ta ƙarasa kwanakinta a wajena, ɗaki yana nan. Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce wa zai riƙa share kabarin, kuma wa zai raba Alhaji da matansa in sun fara? Abin da ta roƙa ɗaya ne, Littafi Mai Tsarki mai manyan baƙaƙe, don idonta ya daina ganin ƙananan. Na sa an sayo mata a Jos. Na kuma ba da labarin tsohon nan a taron matanmu na Alhamis, ƙawata mai tambayar nan ita ta fara kwance bakin zaninta, zuwa yanzu mun haɗa littafin waƙoƙi goma sha huɗu. Mata biyu sun ce za su bi ni bayan Ista in mazansu sun yarda, ɗaya ta riga ta je an yi mata allurar shawara. Mun kuma sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, mun fara da Tsibiri da Danja, sauran sunayen ina jiran ɗan Yaya ya turo mini.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Yalwa, Bauchi.